Digirina a Turmin Inna

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Kafin Dafga lafiya lau, an fara cirar gyaɗa.

Sunana bai fito cikin waɗanda suka kammala digiri ba. Kada hankalinki ya tashi, ba kimiyyar da nake karantawa ce ta kayar da ni ba. Akwai kwas ɗin koyon sana'a da dole kowane ɗalibi ya ci, ko me yake karantawa. Ni na raina shi, ban taɓa shiga ba. Yanzu an ce in yi wata sana'a da hannuna a gaban malamai, ko in ƙara shekara.

Shi ne na dawo gida na roƙi Inna ta koya mini matsar man gyaɗa. Kin tuna yadda nake sulalewa in ta jawo turmi, wai ina da karatu. Sau uku ina cika ruwan zafi, man ya ƙi fita. Jiya dai ya taso. Inna ta leƙa ta ce, "Shekara huɗu kina Kano, ashe digirin naki yana cikin turmina."

Ran Litinin zan koma a gwada ni. Ki sa ni a addu'a, ki gaida maigida da yara. Inna na gaishe ki, ta ce in na ci, a sa sunanta a takardar.

Ƙanwarki,
Hajara