Haƙorin Makkan Inna

Yaya Mumuni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Fati da yara. Yaya jiki, yaya kasuwar Bawku? Mu nan Salaga sai godiya.

Mun dawo daga Kumasi da Inna, an gama gasa mata ciwon dajin nan na harshe da hasken na'ura. Amma wallahi ba gashin ne ya wahalar da ni ba, haƙorinta na Makka ne. Likita ya ce duk haƙorin da ya ruɓe sai an cire shi kafin a fara, domin bayan gashi ƙashin muƙamuƙi ba ya saurin warkewa. Da aka duba, ashe ƙarƙashin zinariyar duk ya lalace. Inna ta kafe, wai da me za a gane ta je Hajji? Raina ya ɓaci, na ce, "Inna, ke kika yi ɗawafi ko haƙorin?" Ta harare ni, sannan ta buɗe wa likita baki.

Yanzu tana shan koko sosai. Bakinta yana bushewa, shi ya sa ba ta rabuwa da gorar ruwa, kuma kullum ina tsaye sai ta goge haƙora da buroshi mai laushi. Don Allah kar ka aiko mata da goro, ko ta roƙe ka.

A ci gaba da yi mata addu'a. Ka gaida Kawu Seidu. Jiya 'yan dubiya suka cika gida, ta yi ta dariya da giɓinta a waje, kuma babu wanda ya fasa ce mata Hajiya.

Ƙanwarka,
Rabi