Robar Keke a Fiffiken Jirgi

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya Anti Rabi da yara? Ni lafiya lau, sai zafin Alƙahira.

Albishirinka! Kawu Sale da ke yawo da ni a gari, wai ba tuƙin jirgi nake koyo ba, shara nake yi a filin jirgi, na samo masa amsa.

Na ɗaura ƙaramar kyamara a ƙarfen da ke riƙe fiffiken jirginmu mai kujera biyu. Karon farko girgizar inji ta ɓata komai, hoton sai karkarwa yake kamar mai zazzaɓi. Malamina, Kyaftin Adil, ya ce, "Ma'alish," wato ba komai, "cire ta." Sai na tuna yadda kake ɗaure buhun gero a bayan keke. Na je unguwar Darrasa wurin mai faci, na yanko tsohuwar robar keke, na naɗe gindin kyamarar tamau. Kyaftin ya ja, ya sake ja, ya yi dariya ya ce, "Tamam, yalla!" Wato ya yi daidai, mu tashi.

Yaya, hoto ya fito tas! Ga inuwarmu tana gudu a kan yashi, ga fuskata ta taga, ga ni ina sauke jirgi da hannuna a tsakiyar hamada.

Faifan bidiyon yana hannun Malam Nura, abokin kwanana, zai iso gida bayan Sallah. Inna ta ƙara addu'a, na kusa tashi ni kaɗai. A gaida kowa. Ranar da za ku kunna, a shimfiɗa wa Kawu Sale tabarma a sahun gaba.

Ƙaninka,
Aminu