Batirin Agogon Inna

Daren Alhamis, unguwar Utaibiyya, ƙasa mai tsarki

Ƙaramar rokar da Maryam ta haɗa a makaranta ta ƙi tashi. Mun je bayan gari, ta danna maɓalli, ƙwan fitila ya kawo wuta, amma siririyar wayar da ke tayar da rokar ko ɗumi ba ta yi ba. "Baba, halas, ta ƙare kenan?" ta ce. Ashe ƙananan baturan da na tsinto a gida ba sa iya gasa waya. Gobe sai batirin mota.

Da muka dawo, na tarar da Inna ta zuba wa agogon bangonta ido, wanda ta saita da lokacin Kano saboda kiran ƙanwarta. Har batirinsa na cire da safe.

"Ku je sama in kuna so," ta ce. "Ni dai a maido mini da Kano."