Inna, Har Yau Ba Mu Ce Ƙurunƙus Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Talatu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na durƙusa har ƙasa kamar yadda kika koya mini, ko da yake yanzu gwiwar tawa sai da dabara take tashi. Ba zan tambaye ki gajiya ba, na san inda kike babu ita. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi kyau bana, jikokinki kuwa sun yi yawa har sunayensu na rikice mini. Na san ba ki yi karatu ba, amma na tabbata a can ba za ki rasa mai karanta miki ba.

Ran Lahadin da ta wuce aka buɗe sabon ginin majami'armu, mai rufin kwano, daidai inda tsohuwar ta ƙasa take. Fasto ya ce in tashi in ba da tarihin wurin, tunda ni ce shugabar zumuntar mata, kuma a nan aka yanke mini cibiya. Na miƙe, na buɗe baki, sai kuka. Ni Saratu, da ake cewa bakina ba ya mutuwa! Abin da na kasa faɗa ranar, shi zan faɗa miki yau, masu son ji su leƙo.

Kin tuna shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero yana bunni? Gona jikin gona, tun daga bayan gidanmu har iyakar ganin ido, duk ya ƙone a tsaye. Kafin tsakiyar rani rumbunmu ya zama ɗakin kaji, kajin ma muka cinye. Muka koma tafasa da rama da dusa. Baba, da yake shi ne mai bisharar ƙauyen, ya daure iya dauriya. Daga baya ya ga wa'azi ba zai sa tukunya a wuta ba, ya bi sauran maza ƙwadago wajen masu noman rani a Watari.

Ya bar majami'a da mata da yara da tsofaffi, babu ko ɗaya da ya iya buɗe Littafi ya karanta. Makulli yana hannun Baba Ɗanlami, dattijon ikilisiya. Shi ya ce a kulle ƙofa har mai bishara ya dawo, kowa ya yi addu'a a ɗakinsa. Ba mugunta ba ce, tausayi ne, yana ganin yadda tsofaffi ke jan ƙafa da yunwa. Amma ke kin ce ƙofar da aka kulle a kan yunwa ba lalle ta sake buɗuwa ba, mutane za su watse ɗaya bayan ɗaya, Baba ya dawo ya tarar da kango. Kika roƙi Lahadi ɗaya tak.

Ranar ke kika buga ƙarfen da ke rataye a jikin darbejiya. Kika shigo da tulun kiɗanki, wanda sauran ranaku shi ne na ɗiban ruwanmu. Muka yi waƙa, murya duk a shaƙe. Da lokacin wa'azi ya yi, kowa ya sunkuyar da kai. Ba ki hau mumbari ba. Kika tsaya a ƙasa, kika gyara ɗaurin zani, kika ce, “Ga ta nan, ga ta nan ku.”

Inna, a majami'a! Da rana tsaka! Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma bakin mutane ya riga hankalinsu, har Baba Ɗanlami da gemunsa, sai ji muka yi duk an amsa, “Ta zo mu ji ta.” Aka kwashe da dariya. Rabon da in ji dariyar manya har na manta.

Kika ba da labarin gwauruwar nan da ta rage da ɗan gari a gindin tukunya lokacin fari, annabin Allah ya zo ya ce ta fara toya masa. A bakin Babanmu kika ji shi, amma a bakinki sai matar ta zama 'yar ƙauyenmu. Kika sa mata zani mai faci, kika sa ta tsintar kara a bayan gari, har da harararta da baƙon ya roƙi abinci. Kina yi kina dukan bakin tulu, kina sa waƙa a tsakani muna amsawa. Da kika kai inda ta juye garin a ƙwarya, sai kika ɗauki tulunki kika zauna.

Muka yi ta jiran ki ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, yadda ake rufe kowace tatsuniya a san ta ƙare. Baba Ɗanlami ya ce, “Talatu, ba ki rufe ba.” Kika ce, “Baba, garin matar bai ƙare ba, yaya labarin zai ƙare? Sai Lahadi.” Ya dubi makullin hannunsa, ya dube ki, ya mayar da shi aljihu.

Haka kika yi ta yi masa duk ranin nan. Kowace Lahadi ki ƙulla sabon labari a jikin na baya, ki tsaya a inda ya fi daɗi. Kai, Inna, kin iya wayo!

Sannan kika fito da maganar tulu. Bayan sujada ki ajiye shi a bakin ƙofa, kowace mace ta zura hannu a dunƙule, ta fito da shi a dunƙule. Mai ɗan hatsi ta saki, marar shi ta damƙo, ba mai sanin wacce ta zuba, wacce ta ɗiba. Idan akwai tsaba a ciki, kiɗan ba ya tashi, sai wani dum-dum kamar mai mura. Kin ce kin fi son ranar da muryar tulu ta dishe.

Ba zan manta da Gwaggo Rabi ba, matar Malam Isa mai makarantar allo, da zana kawai ta raba mu. Duk labaranki tana jin su idan muna maimaitawa a tsakar gida. Wata safiya ta miƙo ƙwaryar dawa ta saman zana, ta ce, “Ungo, ki kai wa gwauruwar nan taku, kada ta ba annabi kunya.” Su ma fa ba su da shi. Allah Ya saka mata da alheri, har yau 'ya'yanta 'yan'uwana ne.

Ba zan ce tulun ya ceci kowa ba. A wannan ranin muka binne Bala, autanki. Na ɗauka shi ke nan, ranar Lahadi makulli zai yi aikinsa, kuma ba wanda zai ga laifinki. Sai ga ki da tulu a ka, idanu a kumbure. Muryarki ta karye a kan “ga ta nan,” mata suka ƙarasa miki. A wannan ranar na san abin da ake kira bangaskiya, kuma ba a makarantar koyon Littafi na fara jin sa ba, a bakinki ne.

Da ruwan farko ya sauka Baba ya dawo, ya rame, da ɗan buhun iri a kafaɗa. Baba Ɗanlami ya miƙa masa makulli ya ce, “Malam, ban sami damar kullewa ba, matarka ta ƙi gama magana.”

Na gode, Inna. Na gode da kika hana a kulle ƙofar nan, don ta cikinta na shiga aikin da nake yi har yau. Yanzu muna da jita da lasifika, amma tulunki na nan kusa da mumbari, ya tsage a wuya, na ɗaure shi da waya. Yaran Lahadi kuwa ba sa yarda in fara sai na ce ga ta nan.

Ranar da muka kai ki makwanci, wata baƙuwa ta rungume ni ta ce, “Sai haƙuri, labari ya ƙare.” Ban yi mata gardama ba, ba ta san ki ba ne.

Ubangiji Ya ba ki hutu a gabansa, ke da Baba da Bala. Ya kiyaye ƙofar nan a buɗe, Ya ba mu damina mai albarka, mu da maƙwabtanmu. Amin.

Ki ajiye mini wuri a bakin tabarma. Idan na iso, ke dai ki fara, ni zan amsa: ta zo mu ji ta.

Taki har kullum,
Saratu