Layin Thorkild Ya Kwanta

Solvej, don Allah ki taimake ni kafin son sani ya kai ni inda ban yi niyya ba.

Ni ma'aikaciyar kwamfuta ce a nan Aarhus, shi ya sa ƙungiyar mazauna benenmu ta ɗora mini kula da intanet ɗinmu. A ɗakin ƙasa, kusa da ma'ajiyar kekuna, akwai akwatin da ke raba wa kowane gida layinsa, kowa da ramin da wayarsa ke shiga. Abin haushi, lambar da ke jikin rami daban, lambar da manhajar sa ido ke kiransa da ita daban. In manhaja ta ce wani layi ya faɗi, ban san gidan wa ba ne. Sai na ware wata Asabar, ina zare waya ɗaya bayan ɗaya ina duba wace lamba ce ta mutu. Har shugabarmu Birthe ta leƙo daga bene tana cewa in na sake yanke mata wasan ƙwallon hannun da take kallo, da ni za ta yi miya. Na gama, na liƙa wa kowace lamba sunan mai gida.

Daga nan na shiga uku. Ba na ganin abin da mutane ke kallo, yawan abin da ke wucewa kawai nake gani, amma wannan ma labari ne. Akwai dattijo Thorkild a hawa na uku, matarsa ta rasu bara, ba ya son gaisuwa mai tsawo. Kullum da safe layinsa kan tashi daidai wa daida har azahar, na ɗauka rediyo ne. Na saba, har ina shan kofi ina duba shi. Kwanakin nan layin ya kwanta. Bai mutu ba, amma babu motsi. Na tsorata. Sai ga shi jiya a matakala, ya yi aski, riƙe da furanni, yana ta yin fito! Mijina Asger ya ce na zama tsohuwar bakin taga, tawa tagar ce kawai mai lantarki.

Ina dattijon yake zuwa? Kabarin matarsa, ko wata ce? In tambaye shi? In ya ce ta yaya na lura fa? Kuma in na daina dubawa, ranar da ya faɗi a banɗaki wa zai sani?

Mai ido a ɗakin ƙasa

*

'Yar'uwa,

Aikin da kika yi daidai ne. Wanda bai san wace lamba ce ta wane rami ba, gyaransa lalube ne. Damuwarki da dattijon ma ba abin kunya ba ce.

Amma maƙwabtanki sun ba ki mabuɗi ne don layi ya yi aiki, ba don ki san lokacin tashinsu ba. Ki cire sunaye daga allon, ki bar lambobi. Ki saita manhajar ta kira ki idan layi ya yanke kawai. A taron mazauna na gaba ki faɗa musu abin da na'urar ke iya nunawa, gara su ji daga bakinki. A nan kuma za ki iya tambaya ko akwai masu zaman kaɗaici da ke son a riƙa leƙa su, da yardarsu.

Thorkild kuwa, mutumin da ya yi aski yana yin fito ba ya neman ceto. Ki sayi burodin kirfa, ki hau hawa na uku ki ƙwanƙwasa. In ya so, zai gaya miki na wa ne furannin. In bai so ba, kin dai sha kofi da maƙwabcin da kika daɗe da saninsa ba tare da ya san ki ba.

Ina yi miki fatan ya buɗe ƙofar.

Solvej