Gonar Baba a Takardar Isuhu

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya su Rabi da yara? Mu nan Safana lafiya lau, sai hanyar Runka da har yanzu ba mai bin ta bayan la'asar.

Makon jiya aka kira ni Katsina, cikin masu tantance takardun neman tallafin bincike kan yadda al'ada ke kawo zaman lafiya. An rufe sunayen masu nema, amma ina buɗe wata sai ga gonar Baba: yadda yake sakar wa Arɗo kara bayan girbi, shanu su kwana su bar taki, matan ruga su kawo wa Inna nono. Har tsamiyar da ake sasanta ɓarna a gindinta tana ciki.

Isuhu ne, Yaya, ɗan maƙwabcinmu da na koyar a firamare. Da bakina na ba shi labarin nan a bayan a-kori-kura, ni da na daɗe ina cewa zan rubuta.

Na nemi aibu ban samu ba. Na ce na san mai ita, na janye hannuna, sauran suka ba shi na ɗaya. Ranar ko tuwo bai shiga ba.

Jiya ya zo har gida, ya durƙusa, wai zai ɗauki muryata cikin tsofaffin da suka ga zamanin. Ni ne tsohon.

Ka gaida kowa. Ka roƙa mini Allah ya wanke mini zuciya kafin Asabar, don na ce masa ya dawo.

Ƙaninka,
Sani