Hancin da Ya Ba da Shaida

Kankia,
3 ga Sha'aban, 1396.

Zuwa ga ƙanena Jafaru,

Ka gafarce ni da na ɗora maka karatun wagga takarda a kan aikin da ke gabanka. Da ina da wanda zan kai wa maganar a nan, da ban dame ka ba. Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Sa'a da yara. Yaya ƙafar Sa'a, ta saki? Mu nan alhamdu lillahi, ruwa yana sauka, gero ya kai ƙugu. Maigidana Malam yana gaishe ka.

Ka san ramin nan na bayan unguwarmu, wanda masu titi suka haƙa suka ɗebi jar ƙasa. Tun da kasuwa ta cika ta batse, can ake zubar da sharar gari, har ya zama juji. Da damina wani baƙin ruwa yake tsattsafowa daga ƙarƙashinsa, ya bi kwari ya wuce ta gefen rijiyarmu. Bara mutane suka yi kuka da wari, sai aka ba wani ɗan kwangila, Alhaji Sodangi, aikin gyara. Ya gina kwatami uku na siminti, ya zuba yashi da tsakuwa da gawayi da farar ƙasa, wai ruwan yana bi ta ciki yana fitowa da tsabta. An ce idan hukuma ta sa hatimi a kan aikin, har sharar mahauta za a riƙa kawowa nan.

Farkon damina duba-gari, Malam Basiru, ya zo da wata malamar lafiya don a ji bakin unguwa. Maza suka rabu biyu, wasu su ce wari ya tafi, wasu su ce yana nan. Sai mai unguwa ya ce a tambayi Turai, ita ce ke wankan gawar matan unguwa, ta san hukuncin ruwa, kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Malamar ta shigo har tsakar gida ta same ni. Aka ja guga daga rijiya aka kawo. Na yi yadda Baba ya koya mana a kan buzu: na dubi launi, na shinshina, na ɗanɗana. Jafaru, Allah shi ne shaidata, ban ji komai ba. Na ce ruwa mai tsarki ne, iska ma lafiya lau. Ta rubuta, na dangwala yatsa.

Kwana uku bayan haka aka aiko daga Yashe cewa haihuwar ɗiyata Murja ta zo da wahala. Na tafi, na zauna mata har ta yi arba'in. Ita da jaririn suna lafiya yanzu. Ranar da na isa, surukarta ta kwashe kayana duka ta wanke, har da zanen da ban taɓa ɗaurawa ba, ta turara su. Na ɗauka karamci ne, ina ta godiya. Gwaggo Hussaina ce kawai ta dube ni ta ce, Turai, kin koma jimar fata ne ba mu sani ba? Muka yi dariya, na ɗauka tsokanarta ce ta kullum.

Shekaranjiya na dawo. Tun daga bakin titi na toshe hanci da mayafi. Na shiga ɗakina, tabarma wari, matashi wari, har tasbahata. Na ɗebi ruwa a randa zan yi alwalar la'asar, moɗar ba ta kai bakina ba na ajiye. Kamar ruɓaɓɓen ƙwai a cikin ruwan wanke-wanke. Na tambayi Malam ko yau abin ya ɓaci, ya shinshina ya ce shi bai ji komai ba, ruwanmu ne na kullum.

Nan na gane. Zama da abin ne ya kashe mana hanci, Yashe ce ta buɗe mani nawa. Na ba da shaidar abin da ba haka yake ba, da yatsana.

An ce takardar ta tafi Kaduna, kuma na san irinta ta ofishinku take bi. Don Allah ka nemo ta, ka gaya wa manyanka mai shaidar ta janye. Ban san yadda ake yi ba, kai ka sani.

Ka gaishe da Sa'a da yara. Wassalam.

Yayarka,
Turai.

Kankia,
14 ga Sha'aban.

Zuwa ga ƙanena Jafaru,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso hannuna, Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a. Na ji daɗin jin ƙafar Sa'a ta yi sauƙi. Ka ce mata ta ci gaba da gashin ruwan zafi, kada ta ga sauƙi ta bari.

Na karanta abin da ka ce har sau uku. Ka ga takardar da idonka, ga yatsana a ƙasa, amma akawu irinka ba ya cire ganyen takarda daga fayil. Ka ce an gwada ruwan kwatamin a kwalba tun da bazara an ga ba laifi, saura kawai babban jami'i ya zo ƙarshen watan nan ya duba, a kira ni in sake faɗin abin da na faɗa, sannan ya sa hatimi. Ka kuma ce in kwantar da hankalina, wanda ya yi kuskure ba da gangan ba babu zunubi a kansa. Haka ne, ƙanena. To amma wanda ya gane kuskurensa ya yi shiru fa?

Na je wajen Malam Basiru. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce shi ma idan ya zo unguwarmu kwana yake yi da ciwon kai, amma shi ba ɗan unguwa ba ne, kuma takarda bakin 'yan unguwa ta nema. Mai unguwa kuwa ya ce in rufa mashi asiri, shi ya tsaya gaban baƙi ya ce Turai ba ta ƙarya, yanzu kuma ya koma ya ce me? Na ce ba ƙarya na yi ba. Ya ce to, ai shi ke nan, magana ta ƙare.

Matan unguwa sun rabu a kaina. Waɗanda suka yi kukan wari bara suna cewa ni na sayar da su. Sauran kuma, da na ce kada a yi alwala da ruwan rijiya, suka ce Turai ta yi kwana arba'in a ƙauye ta dawo da hancin Bature. Wata ta miƙo mani guga ta ce, Malama, a shinshina mana wanga, ko shi ma ya yi laifi? Aka kwashe da dariya. Ban ji haushi ba, don wata biyu da suka wuce da ni ma zan yi dariyar.

Akwai abin da ban iya rubuta maka a waccan takarda ba. Ka tuna Lami, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda ke ba ka ƙuli-ƙuli in ka zo hutu? Allah ya yi mata rasuwa mako ɗaya kafin zuwan malamar lafiya. Ni na yi mata wanka, da ruwan rijiyar nan. Na sa magarya, na sa kafur, na yi komai a kan ƙa'ida, ina ganin na sallami 'yar'uwata da tsarki. Kai ma ka san karatun: ruwan da ƙazanta ta jirkita warinsa ba ya ɗauke hadasi. Sallolina zan iya ramawa, na ma fara, ina haɗa biyar a kan biyar. Wankan Lami fa, a ina zan rama shi? Malam ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Na yarda, amma duk sanda na ga 'ya'yanta a ƙofar gida sai in kasa haɗa ido da su.

Yanzu ruwan alwala da na sha daga wata rijiya ta hanyar Tafashiya nake ɗaukowa, tulu biyu kullum. Wuyana yana ciwo, wannan ba komai ba ne.

Abin da ke tsorata ni daban ne. Ran da na dawo, ko tuwo ban iya ci ba. Bayan mako ɗaya na ci na ƙoshi. Jiya sai da na kai moɗa dab da hancina kafin in ji abin, shi ma kaɗan. Jafaru, yana sake rufewa. In baƙon nan, babban jami'in, ya makara, me zan ce mashi?

Don Allah ka bincika mani ranar zuwansa, kuma in da hali a matso da ita.

Malam yana gaisuwa. Wassalam.

Yayarka,
Turai.

Kankia,
23 ga Sha'aban.

Zuwa ga ƙanena Jafaru,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ka yi haƙuri da wata takardar kuma. Wagga ba ta gidan waya za ta zo maka ba. Na ba Manu direba, mai motar da ke zuwa Kaduna, tare da ɗan ƙunshi. Ka karanta kafin ka kwance.

Na samu saƙonka cewa baƙon zai zo ranar ashirin da takwas ga wata. Na kuma ga shawararka, in koma Yashe in zauna har ranar don in zo da sabon hanci. Na so in yi, har na ɗaure kaya. Sai ciwon Inna Halimatu, mahaifiyar Lami, ya tashi. Ba ta ko iya juyawa. Ta riƙe hannuna ta ce kada in yi nisa, ni take so in wanke ta kamar yadda na wanke ɗiyarta. Na kwance kayan. Na ajiye tulu huɗu na ruwan hanyar Tafashiya a ɗakina saboda wankanta na rufe bakinsu, ko Malam ba ya taɓawa.

Jiya da hantsi na je rijiyarmu na ja guga da hannuna. Na dubi launi, na shinshina, na ɗanɗana. Babu komai. Na zagaya har bakin kwatamin Alhaji Sodangi na tsaya inda ruwan ke fita, na ja numfashi har ƙirjina ya yi zafi. Iska kawai. Na zauna a kan dutse na yi kuka, ma'aikatansa suna kallona.

Ɗaya daga cikinsu ya ce in daina kuka, makon jiya sun sake gawayi sun ƙara farar ƙasa buhu-buhu saboda zuwan baƙo, shi ya sa wari ya tafi. Watakila gaskiya ya faɗa. Watakila ruwan ya gyaru, ni ce nake ta wahalar da mutane a banza. Watakila kuma hancina ne ya koma inda yake. Babu wanda zan tambaya a unguwar nan, dukanmu iri ɗaya ne.

Masu goyon bayana sun zo mani su biyar. Suka ce abu mai sauƙi ne, ranar in tsaya in ce ina jin wari, tunda na ji shi da na dawo, wa zai shiga hancina ya duba? Suka ce in tuna mahauta, jini da tumbi za a kawo bayan gidajenmu. Na tuna, ba na tunanin komai sai shi. Amma za a miƙo mani ruwa ne a ce, yanzu me kika ji? Na ba da shaidar kuskure sau ɗaya ban sani ba. Ba zan gyara ta da wadda na san ƙarya ce ba. Suka tashi ko sallama babu.

Ga abin da na yanke, Malam ma ya amince. Ran ashirin da takwas zan tsaya gaban baƙon da mai unguwa da kowa. Ba zan ce akwai wari ba, ba zan ce babu ba. Zan ba da labarin tafiyata da dawowata yadda ya faru, in ce hancina bai cancanci shaida ba, na wancan lokacin ma bai cancanta ba, haka na duk wanda ke kwana a unguwar nan. In suna son gaskiya su kawo mutum uku daga Fakuwa ko Yashe, waɗanda ba su taɓa kwana nan ba, a ba su moɗa. Na san bayan wannan babu mai sake cewa a tambayi Turai, watakila har wankan gawa a nemi wata. Mai unguwa ma ba zai yafe mani da wuri ba. Na ɗauki duk wannan.

Sai dai ina tsoron baƙon ya ce surutun tsohuwa ne, ya sa hatiminsa ya shiga mota. Shi ya sa na aiko maka da ƙunshin nan. Kwalba biyu ce, na wanke su da toka na shanya a rana. Mai jan zare ta rijiyarmu ce, mai baƙin zare ta bakin kwatami. Jiya na ɗebo, na toshe da kakin zuma. Kai rabonka da Kankia shekara biyu, hancinka lafiyayye ne. Ka buɗe, ka shinshina, ka ba Sa'a ma ta shinshina, amma kada yara su taɓa. In ka ji abin da na ji ran da na dawo, ka rubuta a takarda da Turanci ka sa sunanka, in miƙa wa baƙon da hannuna. In kuwa ba ka ji komai ba, ka faɗa mani haka, kada ka tausaya mani, in je in nemi gafarar Alhaji Sodangi.

Manu zai juyo jibi. Kwana biyar suka rage, kuma Inna Halimatu tun jiya ba ta karɓi ko koko ba. Don Allah, Jafaru, ka ba shi amsa ya taho mani da ita.

Wassalam.

Yayarka,
Turai.